Kunnen Hagu

Ni ne na karya hannun mutumin da ya yi mini kaciya. Na faɗi wannan tun da fari domin kada wani ya fara jin tausayina kafin ya ji sauran.

Sunana Muttaƙa, mutumin Tsarnawa, ina kabu-kabu da babur a Birnin Konni. A gidanmu ni kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko. Shekara shida na yi, na faɗi jarrabawar satifika sau biyu, amma wannan bai hana a riƙa kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ba, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Duk takardar da ta shigo gida, ta buro, wato ofishin hukuma, ko ta asibiti, ni ake miƙa wa. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in cike da wanda ya fi kama da gaskiya. Shekara ashirin ina haka ba wanda ya kama ni.

Yayana Chindo shi ne babba. Tsohon ɗan kokowa ne, ya yi shekara goma sha ɗaya yana shiga fili daga Illela har Tawa, kuma a ƙasar Konni ba a sami wanda ya kayar da shi ba. Da ya bar kokowa sai ya zama shugaban 'yan dako a tashar manyan motocin siminti ta Malbaza. Ba ya tsoron wuƙa, ba ya tsoron jandarma. Abu ɗaya yake tsoro, kuma duk gidan mun san shi. Mahaifinmu ya shekara huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, baki a karkace, miyau na zuba, ana juya shi kamar buhu. Chindo ne yake ɗaukarsa zuwa makewayi safe da yamma. Ranar da muka dawo daga binne shi, ya ce da ni, "Muttaƙa, in Allah na so na, shi kashe ni tsaye."

To, a daminar bara zuciyarsa ta fara wani irin bugu. Ba sauri kawai ba, rashin tsari. Ta buga uku ta tsaya, ta buga biyar a guje, ta sake tsayawa. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, na ji abin yana fal-fal kamar kazar da aka yanka ba ta gama mutuwa ba. Muka je asibiti a Konni. Can muka sami sabuwar lokotoron zuciya, Fatouma, Bazabarmiya daga Doso, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta tura shi Yamai aka ɗauko hoton cikin ƙirjinsa, muka dawo mata da ƙaton ambulan.

Ranar da za ta yi mana bayani, majo Issaka, babban ma'aikacin jinya, shi ne zai fassara. Muna zama ke nan aka kira shi, an kawo mutanen da mota ta kife da su. Ya ce mu jira shi. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Majo, tahi abinka. Ni ma na yi lakwal."

Lokotoro ta tambaye ni da Faransanci ko ina ji sosai. Na ce wi. Ta ɗaga hoton ta fara magana, ba ta da hanzari ma, amma kalmominta ba irin na littafin aji shida ba ne. A cikin biyar ina kama ɗaya. Na kama jini. Na kama daskarewa. Na kama ƙwaƙwalwa, na kama hagu. Sai wata kalma da take ta maimaitawa tana nuna hoton da biro: orayet, orayet gosh. Raina ya yi fari, domin wannan na san ta tun ajin farko, lokacin da mushe yake jan namu yana cewa orai. Kunne ke nan. Orayet kuwa ai ƙaramin kunne, ko kusa da kunne. Ta ci gaba da magana mai tsawo a kan ƙwayoyin da ta rubuta, tana ɗaga yatsa tana gargaɗi. Ina ta wi, wi, alhali ina can ina shirya yadda zan jera wa Yaya maganar.

"Mi tac ce?" in ji Chindo.

"Ta ce mataccen jini na gare ka, Yaya. Ya taru ya daskare nan ga kunnenka na hagu. In yat tashi yah hau ƙwaƙwalwa, abin Baba na za shi same ka. Ka sha ƙwayar ga kullum."

Ya kai hannu ya shafa bayan kunnensa. Na ga fuskarsa ta sauya, na ga tsoro ƙarara a idon mutumin da ban taɓa ganin ya tsorata ba. Ni kuwa daɗi nake ji, wai na yi fassara a gaban lokotoro.

Sati uku yana shan ƙwayar, zuciya ba ta daina tsalle ba. Kullum hannunsa na bayan kunne, yana latsawa, yana cewa yana jin wurin ya yi nauyi. Wata Alhamis ya ce da ni, "Wai mataccen jini ba hidda shi aka ba? Mi ag amfanin wanzami?" Da na yi shiru ma da sauƙi. Cewa na yi ai ni ma abin da nake tunani ke nan, Nasara da ƙwayarsu sai jan rai.

Wanzamin gidanmu shi ne Baba Ɗan'azumi, abokin mahaifinmu tun suna samari. Shi ya cire mana belu, shi ya yi mana kaciya, kuma kowace Juma'a da hantsi yakan zo da zabirarsa ya aske wa Chindo kai tas kafin masallaci. Wannan Juma'ar ma ya zo, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Da ya gama askin Chindo ya ce a yi masa ƙaho a bayan kunnen hagu.

Tsohon ya tsaya da aska a hannu. "Bayan kunne? Ɗiyana, ƙashi na wurin. Ƙaho ga ƙeya aka sa shi, ko ga kahwaɗa."

"Lokotoro tac ce kunne," na ce.

"Kana shan wani magani, Chindo?"

"Wanga ba ruwanka da shi, Baba," na sake tarar numfashinsa. "Kai dai yi aikinka. Mu munka ji abin da anka ce."

Ya dube ni, ya yi bisimilla. Ya kafa ƙaramin ƙaho a ƙasan kunnen, wajen da wuya ya fara, ya zuƙa har fata ta kumbura. Ya cire, ya yi tsaga shida da 'yar askarsa, ya mayar da ƙahon. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaho ya san abin da ke biyo baya: a jima kaɗan a cire, a zazzage baƙin gudan jini kamar hanta, a nuna wa mai shi, kowa ya ce alhamdu lillahi. Da Baba Ɗan'azumi ya cire nasa, ba guda ko ɗaya. Jini ne tsararo, ja wur, ya kwararo ta wuya ya shiga riga.

Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya danna wata, ta jiƙe. Ya barbaɗa garin maganinsa, jinin ya wanke shi. Tsahara matar Chindo ta fito da zane, aka naɗe, zanen ya rine har yana ɗiga a tabarma. Tsohon yana cewa, "Jinin ga ba ya kamawa. Shekara arba'in ban ga irinai ba." Chindo ya ce yana ganin jiri, ya jingina da bango, leɓɓansa suka yi fari. Tsahara ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

Ihun nan ne ya kwance mini kai. Na shaƙi wuyan rigar tsohon na ɗaga shi na buga da bango. "Ka yanke mai jijiya! Ka tsuhwa, hannunka na rawa, ka kashe min ɗan'uwa!" Na kifa masa mari, hularsa ta faɗi. Ya durƙusa yana laluben zabirarsa, wataƙila wani maganin zai ɗauko, ni kuwa na ga kamar askar yake nema. Akwai taɓarya jingine a bakin zaure. Na ɗauka na sauke ta a kan hannunsa na dama, a kan dakalin siminti. Sau biyu. Na ji ƙarar ƙashi, na kuma ji ya kira sunan mahaifina, ba nawa ba. Maƙwabta huɗu suka taru kafin su ƙwace taɓaryar.

A ɗakin shan magani na garinmu aka ɗinke Chindo, aka danne wurin har jinin ya tsaya wajen la'asar. Ma'aikacin ya ga kwalin ƙwayar, ya ce ita ce ta tsinka jinin, a dakata da ita kwana biyu, sannan lallai a koma wurin lokotoro ranar Litinin. Chindo ya ji rabin farko ya bar rabin ƙarshe. Ya dawo gida ya juye ƙwayoyin duka a masai. Ya ce maganin da zai mai da jinin namiji ruwa ba da shi ba, kuma ko ba komai mataccen jinin ya fita, ai kowa ya ga yawan abin da ya zuba. Ni ina hannun jandarma a lokacin. Kwana uku na yi, aka sake ni saboda Baba Ɗan'azumi ya aiko cewa shi bai kai ƙarar ɗan abokinsa ba. Na fito ina hura hanci. Na ji maganar tsinka jini, amma na ce ko ma mene ne, tsohon ya zurfafa tsaga.

Wanda bai yafe ba shi ne Tanimun, babban ɗan wanzamin, wanda yake dako a Malbaza a ƙarƙashin Yaya. Ya rantse a gaban mutane sai ya mai da hannuna yadda na mai da na ubansa. Na ce ina jiransa.

Sati biyar bayan haka na ɗauko fasinja daga Konni zuwa Malbaza, da rana tsaka. Na sauke shi a bakin tasha, ina juya babur sai na ji sarƙa a gadon bayana. Na kife, babur ya danne mini ƙafa. Tanimun ne da abokansa biyu, duk sun yi fari fat da ƙurar siminti. Ɗaya ya take mini wuya, ɗaya ya ja hannuna na dama ya shimfiɗa a ƙasa. Na ciji ƙafar da ke wuyana har na ji gishirin jini, na samu na fizge, na ɗauki dutse na fasa wa ɗaya goshi. Tanimun ya sake zuba mini sarƙar a fuska, girata ta tsage, ido ɗaya ya rufe. Suka sake danne ni. Na ga ya ajiye sarƙar ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya ɗaga shi da hannu biyu.

Bai sauke ba. Chindo ya fito daga tsakanin motoci a guje, ya rungume shi ta baya, ya ɗaga shi sama cak, irin ɗagawar da ake yi masa kiɗa a kanta shekarun baya. 'Yan dako suka ɗauki sowa. Yana riƙe da shi yana cewa, "Ya isa! Tanimun, ya isa, ni ad da laihi, ni nis sa..." Sai maganar ta narke a bakinsa. Ya sake buɗe baki, abin da ya fito ba Hausa ba ne. Hannunsa na dama ya saki da kansa, ya faɗo yana lilo. Tanimun ya sulluɓe ƙasa. Na ga gefen bakin Yaya ya zazzago, na ga ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe. Ya yi ƙoƙarin tsayawa, wallahi ya yi, ya kama jikin mota da hagu. Sannan ya faɗi rigingine a cikin ƙura, a gaban mutanensa, ba wanda ya taɓa shi.

Ni da Tanimun muka ɗauke shi. Shi ya kama ƙafafu, ni na kama kafaɗu, jinin girata na ɗiga a fuskar Yaya. Muka nemi mota sai asibitin Konni.

Kwana biyu bayan haka lokotoro Fatouma ta zo bakin gadonsa, wannan karon da majo Issaka. Chindo na kwance, idonsa biyu, yana jin komai amma ba ya iya mayarwa. Ta tambayi dalilin barin maganin. Tsahara ta ba da labarin ƙahon. Lokotoro ta duba tabon da ke ƙasan kunnen, ta dubi majo, ta yi tambaya.

"Tana tambaya, mi yas sa nan?" in ji majo. "Mi yak kai ku ga kunne?"

"Ita tac ce," na amsa. "Orayet gosh. Kunnen hagu."

Majo bai fassara mata nan take ba. Ya ja kujera ya zauna, ya karɓi takarda da biro a hannunta, ya zana zuciya da ɗakuna huɗu.

"Orai shi na kunne," ya ce. "Orayet ɗaki na cikin zucciya. Biyu na sama, su aka kira hakanan, don wanda yah hwara ganinsu ya ga sun yi mai kama da kunnuwa. Ba su da abin da yag gama su da kunnen kai."

Lokotoro ta yi magana, shi kuma yana juyawa a hankali, yana nuna zanen. Ya ce ɗakin sama na hagu yana da wani ɗan aljihu a gefe, kowa da shi aka haife shi. In zuciya na bugu daidai, ɗakin yana matsewa ya wanke aljihun da kowane bugu. Amma zuciyar Chindo ɗakin saman ba ya matsewa, karkarwa kawai yake, don haka jinin da ya shiga aljihun sai ya zauna. Ya ce in na taɓa ganin hanyar ruwan fadamar Konni, inda ruwa ke gudu tas yake, amma duk inda ya sami lungu ya kwanta, nan laka ke taruwa.

"Kuma aljihun kowa da kalar ƙira tai," in ji majo. "Na wani awa hiffiken kaza, sumul, jini shi shiga shi hita. Na yayanka bakinai ƙarami na, cikinai lungu-lungu awa tumbin akuya. Hoton Yamai ya gwada jinin da kyar shika motsi ciki. Shi yas sa tac ce nashi haɗarin ya hi na wasu, tac ce kar shi ƙetare ko kwana guda. Ƙwayar ita ka hana shi daskarewa. Ta kuma ce maka kar a yanke shi, kar a yi mai tsaga, ko aska a yi hankali. Sau ukku tah hwaɗa maka, ta ce kac ce wi."

Da aka bar maganin, in ji shi, guda ya haɗu a cikin lungun. Ranar Malbaza ya ɓalle, ya bi jini ya hau, ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Yaya, ban gane ba. Ban gane abin da tac ce ba, nic ce na gane."

Hannunsa na hagu ya taso a hankali. Na ɗauka kaina zai dafa. Kunnena ya kama. Ya damƙe shi da irin damƙar da yake yi wa abokan karawa, ya murɗe, ya ja ni har fuskata ta haɗu da ƙarfen gado. Na ji fatar ta tsage daga sama, jini mai ɗumi ya gangaro mini a wuya. Tsahara na kuka, majo na ƙoƙarin ɓamɓare yatsun, lokotoro na kiran a kawo ɗauki. Yaya yana wani gurnani, hawaye na bin gefen fuskar da ta mutu. Ban fizge ba, ban kuma kama hannunsa ba. Shi ya gaji ya saki. Ɗinki bakwai majo ya yi mini, kuma bai yi mini sannu ba.

Yau wata takwas ke nan. Chindo yana gida a Tsarnawa, ya koma kan ƙwayar, Tsahara ce ke ba shi, ni ba a bari in taɓa ko kwalin. Yana jan ƙafa da sanda zuwa ƙofar gida, amma makewayi sai na ɗauke shi, safe da yamma. Magana ba ta dawo ba. A tashar kabu-kabu ba mai ce mini Mushe yanzu, Orai suke kirana, kuma ina amsawa.

Na je na durƙusa wa Baba Ɗan'azumi. Yatsunsa uku sun haɗe a karkace, ba za su sake riƙe aska ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Cewa ya yi, "Ran Juma'a ina nan tahe." Kuma yana zuwa, kowace Juma'a da hantsi, da zabirarsa a rataye, ya zauna a kan dakalin nan ya ajiye ta a gefe ba ya buɗewa. Lokotoro ta hana a sa wa Yaya aska, saboda haka ni nake rage masa suma da almakashi, tsohon yana gaya mini inda na bari.

Ina farawa daga dama, in bi ta ƙeya. Duk lokacin da almakashin ya iso wajen tabon nan shida, sai Yaya ya ɗago hannunsa mai rai ya riƙe mini wuyan hannu. Ba ya murɗewa. Yana riƙewa ne kawai, ni kuma in ci gaba da yankan a haka, har mu wuce kunnen.